Daga Kumasi zuwa Fas, sahara da duwatsun Atlas: yadda ake haɗa tafiyar bas ta rukuni a Maroko

Tun da muka dawo mutane ke tare ni, a ƙofar masallaci, a Kejetia, har wurin wani suna a Asawase wata Hajiya ta tsare ni wai ba zan tashi ba sai na faɗa mata yadda ake zuwa Fas ta ƙasar Maroko. Toh na gaji da maimaitawa shi yasa na zauna na rubuta sau ɗaya. Sau biyu na yi tafiyar nan. Na farko ni kaɗai na shiga rukunin Turawa da wani kamfani ya haɗa, na biyu kuma mu muka haɗa namu daga Aboabo, har da tsofaffi da mata, kuma bambancin biyun nan shi ne duk abin da zan faɗa muku. Shirin yawon da kamfanoni ke sayarwa riga ce da aka ɗinka wa Bature. Ba wai ba ta da kyau ba, amma in ka saka ta yadda take za ta matse ka a wuya, za a kai ka wurin kafet awa biyu a ba ka minti goma a zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani da ke Fas, in ma an kai ka. Sai ka zauna da mai ɗinkin kun warware ta tun kafin ka biya ko sidi ɗaya.

Da farko ku san su waye za su tafi, kuma me ya kai su

Kar ku fara da farashi. Ku fara da mutane. Mai zuwa ziyara daban, mai zuwa ɗaukar hoto kan raƙumi daban, mai zuwa duba jallabiya da takalman fata don ya kawo shago shi ma daban, kuma duk ukun za su zauna bas ɗaya fiye da mako guda, in ba a yi magana tun a gida ba wallahi a tsakiyar dutse za a yi ta. Mu mun zauna sau uku bayan isha'i kafin muka yarda da hanya. Ku naɗa amir ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe, ku naɗa mai riƙe kuɗi daban, sannan a cikin mata a samu Hajiya ɗaya mai faɗa a ji, don akwai abin da mace ba za ta iya ɗaga hannu ta faɗa wa direba ba.

Yawan mutane ma abin dubawa ne. Ƙasa da mutum goma sha bakwai ƙaramar bas ta ishe ku, tana shiga lungu, tana saurin tashi. Babbar bas ta fi daɗin zama kuma kuɗin kowa na raguwa amma duk tsayawa ɗaya sai ta ci muku rabin awa, kafin Baba Alhaji ya sauko ya kama ruwa ya yi alwala ya dawo, wani kuma ya ɓace wurin sayen dabino.

Lokacin tafiya

Maris zuwa Mayu, ko Oktoba zuwa Nuwamba. Kar wanda ya ruɗe ku da arha a Yuli da Agusta, zafin Marzuga, garin da ke bakin sahara, a lokacin yana haura digiri 40, kuma ba irin zafinmu mai gumi ba ne, busasshe ne kamar an buɗe bakin tanda. Disamba da Janairu kuma sanyi, irin wanda hunturun Bawku bai kai rabinsa ba, ƙanƙara na sauka a kan duwatsu har wani lokaci a rufe hanya. Watan Maulidi Fas na cika da baƙi, 'yan Senegal, 'yan Najeriya, 'yan Mali, akwai daɗi amma masauki kusa da zawiya sai wanda ya kama da wuri.

Sannan abu mafi muhimmanci da na koya, ku lissafa kwanakin ta yadda Juma'a za ta same ku a Fas. Ku shiga ranar Alhamis, ku fita Asabar da safe. Duk sauran ranakun a kan wannan za a gina su.

Takardu

Fasfo ya zama yana da saura aƙalla wata shida. A 2025 gwamnatin Ghana da ta Maroko suka sanar cewa mai fasfon Ghana ba ya buƙatar biza irin ta da, izinin shiga ne ake cikewa ta intanet kafin tafiya. Ku cike da wuri, ku buga a takarda, kuma kafin ku biya tikiti ku tabbatar da ƙa'idar da ke aiki a lokacin daga ofishin jakadancin Maroko da ke Accra, don doka ba ta zama wuri ɗaya. Sannan mu a Zango kun san halinmu, a gida ɗaya za ka samu mai fasfon Ghana da mai na Nijar da mai na Najeriya ko Togo, toh kowace ƙasa da nata sharaɗin, kar amir ya ɗauka duk ɗaya ne. A tattara kwafin fasfon kowa tun farko a duba.

Katin allurar shawara, yalo kad ɗin nan, a saka shi cikin fasfo. Kowa ya riƙe tikitin dawowa da sunayen otal-otal a takarda, ba a waya kaɗai ba. Dalili kuwa, Maroko hanya ce ta masu neman tsallakawa Sifen, don haka matashi baƙar fata da ya sauka Kasablanka ba abin mamaki ba ne a yi masa tambayoyi, ina za ka, wa ka sani, yaushe za ka koma. Mai takarda a hannu minti biyu ya wuce. Kuma don Allah amir ya buɗe ido, in wani yaro da ba ku san gidansu ba ya zo da kuɗi cif yana roƙon a saka shi a rukuni kuma bai tambayi ko ina za a kwana ba, ku san ba ziyara ta kawo shi ba.

Zaɓen kamfani da abin da za a rubuta

Hanya biyu ce. Ko ku bi ta ejan na nan gida ya haɗa komai da tikitin jirgi, ko ku sayi tikiti da kanku ku yi magana kai tsaye da kamfanin can ya tarbe ku a filin jirgi. In ejan ɗin gida ne ku nemi ganin lasisinsa na Ghana Tourism Authority, ku je ofishinsa da ƙafarku. Mutumin da ofishinsa WhatsApp ne kawai kuma yana cewa a tura momo zuwa lambar ƙaninsa, a bar shi ya wuce. Kar a biya duka lokaci ɗaya, a ba da kafin alƙalami, a karɓi rasit, sauran in an ga tikiti da tabbacin otal.

Yanzu ga inda aikin yake. Ku sa a rubuta muku, ba da baki ba, sunan kowane otal da garin da yake, mutum nawa a ɗaki, wane abinci ne a cikin kuɗin. Galibi karin safe da na dare ne kawai, na rana daga aljihunka, kuma inda bas ke tsayawa gidajen abinci ne na 'yan yawon buɗe ido masu tsada, babu wani a kusa da za ka ce bari in leƙa. A rubuta ko kuɗin shiga wuraren tarihi na ciki, ko raƙumi da kwanan sahara na ciki, ko tantin yana da banɗaki a cikinsa ko na haɗaka ne. A rubuta yaren da jagora zai yi magana da shi, mu Turanci muke ji, su kuma Larabcinsu na Darija da Faransanci da yaren Amazig suka fi yi, kuma Darijar nan ko malaminmu da ya yi karatu shekaru sai da ya riƙa cewa a maimaita.

Sai abubuwa uku da ba za ku taɓa gani a shirin Bature ba sai kun saka da kanku. Tsayawar salla kullum. Cikakken yini a Fas ba tare da an ja ku kasuwa ba. Da kuma iyakar shagunan da za a kai ku, don jagora yana da kamasho a shagon kafet da na man argan da na fata, ba laifi ba ne sana'arsa ce, amma ku ce biyu sun isa duk tafiyar. A tafiyata ta farko da Turawa sai da na bar abincin rana na ɗauki tasi da kuɗina kafin na ga ƙofar zawiya, na yi raka'a biyu a gurguje na fito da gudu kamar wanda ya saci wani abu. Har yau abin na min ciwo.

Kuɗi kuwa ba zan ba ku adadi ba don sidi ba ta zama, yau nan gobe can. Ku nemi farashi daga kamfani uku a dala ko yuro, ku ɗora tikitin jirgi, ku ɗora abincin rana na kowace rana, ihsanin direba da jagora, tsaraba, sannan ku ƙara wani abu na ko-ta-kwana. Mu susu, wato adashi, muka yi kusan shekara guda, shi ya sa har masu ƙaramin ƙarfi suka samu zuwa.

Kayan da za a ɗauka

Rigar sanyi mai kauri ko da a Afrilu ne, safa, hular sanyi, a gwanjon Kejetia duk za ka samu da araha. Takalmi rufaffe mai taushi saboda Fas da ƙafa ake yinta. Man kaɗe don leɓe da ƙafa za su tsage. Adafta, don soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagaye ne, namu mai ƙafa uku ba ya shiga, da fawa bank. Masu hawan jini da suga su ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiya, a cikin kwalinsa, a jakar hannu. Maganin jiri da amai na mota, da citta. Buta ƙarama ta roba. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuwa kar ma a fara, kwastan na ƙwacewa.

Sannan shito, barkonon kwalbarmu na Ghana. Ina faɗa da babbar murya, shito da yaji da gari. Abincinsu tajin ne da kuskus da burodi da miyar harira, mai kyau ne mai tsabta amma babu barkono, nama da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi a tukunya ɗaya, kwana uku Hajiyoyinmu suka fara tambayar ina ake sayar da tuwo. A ɗaure kwalbar da leda biyu a saka a babbar jaka, ba ta hannu ba.

Daga gida zuwa Kasablanka

Royal Air Maroc na tashi kai tsaye daga Accra zuwa Kasablanka, tafiyar ba ta kai awa biyar sosai ba. Mu 'yan Kumasi kar mu yi gangancin kama bas a ranar tashi, kun san hanyar Accra, Ankara inji tsofaffinmu, mota ɗaya ta faɗi a Nkawkaw shikenan an kwana. Ku sauka kwana ɗaya kafin, kowa na da ɗan'uwa a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango.

Da kun sauka ku canji kuɗi kaɗan a filin jirgi, dirhami ake kashewa, dala ɗaya na kai wajen dirhami 9 zuwa 10. Ku nemi ƙananan kuɗi da tsaba don banɗakin hanya ana ba mai gadi dirhami ɗaya ko biyu. Layin waya akwai Maroc Telecom, Orange da inwi, da fasfo ake saya. Lokacin tafiyarmu agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Kowa ya rubuta lambar jagora da sunan otal a takarda ya saka aljihu.

Kasablanka kwana ɗaya ya isa. Masallacin Hassan na Biyu shi ne abin gani, an gama shi a 1993, wani sashensa a kan teku yake, hasumiyarsa mita 210. In akwai Kirista a rukuninku, don mu akwai abokin kasuwancin wani da ya biyo mu, ku gaya masa tun da wuri cewa a Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga masallatai da zawiyoyi, wannan na Kasablanka ne ake shiga da jagora a lokutan da aka ware. Rabat kilomita 90 ne daga nan, a tsaya a ga hasumiyar Hassan da Sarki Yakubu al-Mansur ya fara ya rasu a 1199 bai gama ba, da kabarin Sarki Muhammadu na Biyar, a wuce. Meknas da kangon Rumawa na Walili in akwai lokaci, in babu ba a yi asara mai yawa ba.

Fas

Bas ba ta shiga tsohon gari. Babu motar da ke shiga, lunguna ne dubbai wasu ko mutum biyu ba sa jerawa, alfadari da jaki da amalanke su ke dako. In ka ji an ce "balak, balak" a bayanka ka manne da bango, kaya ne ke zuwa. Don haka in masaukinku a cikin tsohon gari yake, a bakin ƙofa za a sauke ku masu amalanke su tura jakunkuna, ku yi ciniki kafin su ɗora. Gidajen nan na gargajiya da ake kira riyad suna da kyau ƙwarai amma matakalarsu tsaye take kuma babu lif, a nema wa tsofaffi ɗakin ƙasa tun ana rubuta yarjejeniya.

Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani na cikin tsohon garin, a unguwar Blida, ba nisa da masallacin Ƙarawiyyin. An haifi Shehu a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas, ya rasu a 1815 aka binne shi a nan. Da ka kusanto lungun za ka fara ganin baƙaƙen fata da manyan riguna da carbi, ka ji Wolof ka ji Hausa, jikinka zai gaya maka ka iso. Ku je da safe lokacin da babu cunkoso ku yi ziyara a natse, ku koma ku huta, sannan ku dawo don wazifa da zikirin Juma'a bayan la'asar. Wani dattijo a cikinmu da ya haura saba'in, tun yana yaro yake jin sunan Fas a bakin mahaifinsa, da ya zauna a cikin sahun nan kuka ya riƙa yi shiru hawaye na bin gemu, babu wanda ya ce masa komai. A bakin ƙofa akwai masu neman sadaka da masu cewa su sharifai ne za su yi maka addu'a, ka ba da abin da ka yi niyya da hannunka, kar ka fito da damin kuɗi a fili.

Wanda ba ɗan ɗariƙa ba ma ba zai rasa abin yi ba. Ga masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta gina a 859, mace fa, ku gaya wa 'ya'yanku mata. Ga kabarin Maulaya Idris na Biyu. Kuma abin da ya fi burge ni, Malikiyya ne kamar mu, karatunsu Warshu ne, rubutun Alƙur'aninsu ɗan'uwan wanda muka koya a allo ne, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Bayan magariba za ka ga sun zauna da'ira suna karanta hizbi da murya ɗaya. Sai dai ku sani masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, kuma ranar Juma'a shaguna da dama a tsohon gari ba sa buɗewa, sayayya a yi ta yammacin Alhamis.

Majemar Shuwara kuma za a kai ku ko ba ku tambaya ba, ana hawa saman shagon fata a leƙo ramukan rini, a ƙofa za a miƙa maka ganyen na'ana'a ka toshe hanci, karɓa, wari ba wasa. Ina tsaye a wurin na tuna cewa yawancin abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko fatar jan akuyar Sakkwato ce da fatake ke ketarowa da ita sahara. Na faɗa wa mai shagon, ya yi dariya, bai rage min ko dirhami ba. Ciniki dai irin na Kejetia ne, ya faɗa ka raba biyu ka fara daga ƙasa, in ya ƙi ka juya zai kira ka. "Bishhal" shi ne nawa, "la, shukran" shi ne a'a na gode, wannan na biyun zai yi maka aiki da samarin da ke biyo ka suna cewa za su nuna maka hanya. Jagora na gaskiya yana da katin gwamnati.

Ranar da ta fi kowace wuya

Fas zuwa Marzuga wajen kilomita 470 ne, ya fi Kumasi zuwa Tamale, kuma hawa da gangara ne, da tsaye-tsaye yini guda cur. Kamfanoni na son yin sa a rana ɗaya don a kai ku kan raƙumi kafin faɗuwar rana. Matasa za su iya. In da tsofaffi ku raba biyu, ku kwana Midalt ko Arfud, ƙarin kwana ɗaya ya fi a kai mutum asibiti a ƙasar da ba ya jin yare.

A wannan ranar ne za ka ga ikon Allah. Ifran gari ne kan tudu mai gidaje kamar na Turai, a nan aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a Afirka a 1935, kusan digiri 24 ƙasa da sifiri. Gaba kaɗan dajin Azru da birai, kar a riƙe leda a hannu. Daga Midalt garin tuffa ƙasa ta fara bushewa, sai kwarin Ziz, kogin dabino kore shar a tsakiyar jan dutse. Masu jiri su zauna gaba, su sha magani kafin a tashi ba bayan ciki ya juya ba. A riƙa juya wurin zama kullum don kar wasu su mallake gaba a yi gaba da juna. Maganar ƙasaru da haɗa salloli kuma malamin rukuni ya yanke tun a gida a bi shi, ba a tsaya a gefen titi ana jayayya direba na duba agogo ba.

Ku roƙi a tsaya Risani ko minti talatin. A gefenta kangon Sijilmasa yake, tashar ayarin da ke ketara sahara, daga nan Ibn Battuta ya tashi zuwa Mali a 1352. Zinariyar dajin Akan da ke bi ta Begho zuwa Jenne da Tumbutu irin waɗannan garuruwan take fitowa. Bango ne na ƙasa da ya zube, babu wani abin hoto, amma mutumin Kumasi ya kamata ya tsaya a wurin.

Daren sahara

Babbar jaka a bas za ta kwana. Tun daren jiya kowa ya haɗa ƙaramar jaka, rigar sanyi, magani, tocila, ruwa, buta. Tudun yashin Arg Shabbi wasu na kai mita 150, kuma raƙumi na ɗaukar wajen awa guda zuwa tanti. Raƙumi da ƙafar baya yake fara tashi, ka riƙe ƙarfen sirdi ka jingina baya in ba haka ba za ka ci ƙasa, haka ma in zai durƙusa. Mata su saka wando a ƙarƙashin abaya. Mai ciwon baya ko gwiwa da mai ciki su bi motar yashi mai jan taya huɗu, babu abin kunya, wata Hajiya da ta rantse sai ta hau don jikokinta su ga hoto kwana biyu tana tafiya kamar agwagwa. Waya a saka a leda, yashin kamar gari yake.

Da dare za a buga ganguna a bakin wuta, wanda ba ya so ya ɗan matsa bayan tudu ya zauna. Ban taɓa ganin taurari haka ba ko a ƙauye lokacin da aka ɗauke wuta. Mun yi sallar asuba a kan yashi sanyi na ratsa ƙashi, liman na karatu babu wani sauti a duniya sai muryarsa. Kusa da nan akwai ƙauyen Khamliya na Gnawa, baƙaƙe ne jikokin waɗanda aka kawo daga ƙasashenmu na kudu da sahara a zamanin bauta, in ka ji kiɗan molonsu sai ka rantse a wani gidan biki na Zango ka taɓa jin sa.

Duwatsu zuwa Marrakesh

Daga Marzuga a bi ta Tingir a shiga kwazazzabon Tudga, inda duwatsu biyu suka matso har faɗin wurin bai fi mita 10 ba a wani gun, ruwa mai sanyi na gudu a ƙasa. A kwana a kwarin Dadis ko Warzazat. Washegari Ait Bin Haddu, tsohon gari na jar ƙasa da UNESCO ta saka a jerin kayan tarihin duniya a 1987, wanda ya san ginin masallacin Larabanga ko tsofaffin gidajen Kano ba zai ji baƙunta ba. Hawa ne zuwa sama, masu gwiwa su zauna a gindi su sha shayi.

Sai mashigar Tishka a duwatsun Atlas, mita 2,260 sama da teku. Dutsen Afadjato da muke alfahari da shi bai kai mita 900 ba, ku auna. An gyara titin sosai amma lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, kunne na toshewa, ba wanda zai ce a karanta addu'ar tafiya, da kansu za su fara. Kar a ci abinci mai nauyi kafin a hau. Wannan yankin ne girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta shafa, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, in kun tsaya sayen wani abu a hannun mutanen ƙauyukan nan kar ku matse su a ciniki kamar yadda za ku matse ɗan birni.

Marrakesh kwana biyu. Kowa zai kai ku dandalin Jami'ul Fana da hasumiyar Kutubiyya, ku je, amma ku sani mai maciji da mai biri da mai lalle duk wanda ka ɗauka hoto ko ka bari ya taɓa ka sai ka biya, kuma a riƙe waya da kyau. Abin da ba za a kai ku ba sai kun nema shi ne waliyyai bakwai na garin. A cikinsu akwai Alƙali Iyal mai Ashafa da Imam Jazuli mai Dala'ilu, littattafan da ake karantawa a zaurukanmu tun muna yara, ga kabarinsu nan a gari ɗaya. Bas ba ta kaiwa ƙofa, ku ɗauki ƙananan tasi, mutum uku kawai suke ɗauka, a ce direba ya kunna mita ko a yi ciniki kafin a shiga.

Daren ƙarshe a tara ihsanin direba da na jagora a ambulan biyu amir ya miƙa a gaban kowa. A auna jakunkuna a otal, don dabino da jallabiya da butar shayi nauyi gare su kuma abin da tikitinka ya ce shi za a bi, man argan da zuma a babbar jaka. Marrakesh zuwa filin jirgin Kasablanka a ba shi awa uku a hanya ban da na layi. Dirhamin da ya rage a canza shi kafin a wuce jami'an shige da fice, don in ka kawo shi Kumasi ko 'yan canjin Alabar sai sun juya shi sun miƙo maka abinka.